Akwatin Kwano da Gawar da Aka Ƙi Shaidawa: Nazarin Lamarin Anenecuilco

Daren Alhamis, 10 ga Afrilu 1919, sojoji suka shiga garin Cuautla da gawa ɗaure a bayan alfadari. Janar Pablo González, kwamandan rundunar gwamnati a jihar Morelos da ke kudu da birnin Meksiko, ya haska fuskar da tocila, ya duba, ya gamsu. Aka yi wa gawar allurar hana ruɓewa, aka ɗauke ta hoto, aka shimfiɗe ta a bainar jama'a domin duk mai kokwanto ya zo ya kashe ƙwarƙwatar idonsa. Manoma suka yi ta tururuwa daga ƙauyuka har ranar Asabar da aka binne ta. Gawar Emiliano Zapata ce, mutumin da ya shekara takwas yana jagorantar manoman yankin a yaƙin ƙwato gonakinsu. Sun zo, sun leƙa akwatin gawar, sun koma gida. Da yawansu suka ce ba shi ba ne.

Akwai salon ƙagaggen labari da marubutan Latin Amurka suka yi fice a kansa, wanda zan kira al'ajabi cikin zahiri. Mutanen labarin irin na duniya ne, ƙasar tana kan taswira, shekarun kuma tarihi ya san su, amma sai mamaci ya shigo ɗaki ya zauna a yi hira da shi, ko wata tsohuwa ta faɗi abin da zai faru bayan shekara talatin, ba wanda ya razana, ba wanda ya tsaya yin bayani. Galibin irin waɗannan labarai a kan zuri'a guda suke tafiya, da filin da ake rigima a kansa, da juyin juya halin da ya zo ya wuce ya bar baya da ƙura. Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa al'ajabi yake manne wa waɗannan abubuwa, da dalilin da ya sa wani littafin yake ratsa ni har ƙashi, wani kuma in ajiye shi ina jin kamar marubucin ya gama labarinsa ne sannan ya yayyafa masa aljanu don ado.

A tarihin ƙauye ɗaya na sami amsar da ta kwanta mini. A ganina, al'ajabin da ke da nauyi a irin wannan labari shaida ce ta mutanen da kotu ta daɗe tana ƙin karɓar shaidarsu. Lamarin Anenecuilco, ƙauyen su Zapata, yana nuna yadda hakan ke faruwa tun kafin wani marubuci ya ɗauki alƙalami.

Ƙauye a tsakanin gandaye

Anenecuilco yana gefen kogin Ayala, kusa da Cuautla, kuma a 1909 mutanensa kimanin 400 ne. Ya girmi zuwan Sifaniyawa. Sunansa na harshen Nahuatl ne, yana kuma cikin jerin garuruwan da suke kai wa sarakunan Aztek haraji. Bayan Sifaniyawa sun ci ƙasar a 1521, sarautarsu ta amince wa ƙauyukan 'yan ƙasa da filayen tarayya, ta ba su takardu da taswirori. Maƙwabtan ƙauyen kuwa manyan gandayen rake ne, waɗanda ake kira asiyenda. Rake shuka ce mai ƙishirwa da haɗamar fili, don haka tun fil azal tsakanin gandu da ƙauye sai ƙara da ɗaukaka ƙara.

Dokar Lerdo ta 1856 ta haramta wa ƙungiyoyi mallakar fili. Da coci aka nufa, amma ta haɗa da ƙauyuka, domin su ma a tarayya suke riƙe da ƙasarsu. Sai mulkin shugaban ƙasa Porfirio Díaz ya zo a 1876, layin dogo ya iso Cuautla a 1881, masu gandaye suka shigo da sababbin injinan matse rake. Injin da aka kashe wa dukiya ba a barinsa ya kwana da yunwa, sai an ƙara masa rake, rake kuma sai an ƙara masa fili da ruwa. Haka aka riƙa gutsurar ƙauyuka, wasu har suka ɓace daga taswira. Na Tequesquitengo ya fi tsaya mini a rai, ko da yake tun kafin zamanin Díaz abin ya same shi. Ruwan ban-ruwa da aka karkato daga gandun San José Vista Hermosa ya cika kwarin da ƙauyen yake ciki har ya shanye gidaje, mutanen yankin kuma sun ce da gangan aka yi. Cocin garin yana ƙarƙashin tafkin har yau, masu nutso suna sauka su gan shi. Marubucin da ya sa ƙararrawa tana kaɗawa daga ƙarƙashin ruwa a irin wannan ƙasa, abin da ya ƙara a kan gaskiya kaɗan ne.

Ranar Lahadi 12 ga Satumba 1909, da yamma, mazan Anenecuilco suka taru a bayan coci. Ba a kaɗa ƙararrawa ba, baki da baki aka isar da saƙo, don kada masu gadin gandu su ji. Shugaban majalisar ƙauyen, dattijo José Merino, wanda ya haura shekara 70, ya ce shi da sauran dattawa sun gaji. Gwamnan jihar na lokacin, Pablo Escandón, shi kansa mai gandu ne, kuma zirga-zirgar ofisoshi da kotuna ta fi ƙarfin tsofaffi. Aka zaɓi Zapata, ɗan shekara 30, mai horar da dawaki, mai ɗan abin hannunsa, wanda kusan kowa a taron danginsa ne ta nan ko ta can. Aka zaɓi ɗan'uwansa ta wajen uwa, Francisco Franco, ya zama magatakarda. Dattawan suka danƙa musu takardun mallakar ƙauyen. Su biyun suka shige coci suka kwana takwas suna karatu, ba sa tashi sai don ci da barci. Da suka iso wuraren da aka rubuta da Nahuatl, harshen kakanninsu da ba su iya karantawa, sai Franco ya tafi Tetelcingo ya nemo limamin cocin da zai fassara musu sunayen wurare.

Da damina ta gabato a 1910, wani gandu mai suna Hospital ya hana su noma filayen da suka saba nomawa. Suka rubuta wa gwamna takarda bayan takarda cikin ladabi, suna roƙo kafin ruwa ya sauka. Amsar da ta fito daga gandun ita ce, in mutanen Anenecuilco suna son shuka, su shuka a tukunyar fure. Gandun ya ba manoman Villa de Ayala, garin da ke maƙwabtaka, hayar filin. Zapata ya tara mutum kusan 80 da bindigogi suka tafi gonar. Abin da ya faɗa wa 'yan hayar shi ne ba ya son faɗa da su, domin gidajen Placencia da Merino da Salazar suna nan a garuruwan biyu, amma filin na Anenecuilco ne. Suka kwashe kayan aikinsu suka tafi. Tun a wannan rana ta farko ana iya ganin yadda zumunta da fili suka sarƙe, har ba a iya jan ɗaya ba tare da ɗayan ya motsa ba.

Abin da ake yaƙi a kansa

Jagoran adawa Francisco Madero ya kira 'yan ƙasa su tashi a kan Díaz a ƙarshen 1910, kuma sashe na 3 na sanarwarsa ya yi alkawarin duba filayen da aka ƙwace. Wannan 'yar jimla ce ta shigar da Morelos yaƙi a watan Maris 1911. Zapata ya ci Cuautla a watan Mayu, Díaz ya sauka ranar 25 ga watan. Da suka haɗu a birnin Meksiko a watan Yuni, Madero ya nemi a ajiye makamai, a bar maganar fili ta bi hanyar doka. Zapata ya nuna agogon zinariyar da ke jikin Madero ya tambaye shi: in na yi amfani da bindigata na ƙwace wannan agogo, daga baya muka haɗu kowa da bindigarsa, kana da ikon neman abinka? Madero ya ce ƙwarai, har da diyya. Zapata ya ce to abin da ya faru a Morelos ke nan. A ƙarshen Nuwamba 1911 shi da malamin makaranta Otilio Montaño suka fitar da Shirin Ayala, wanda ya ce ƙauyukan da ke da takardu su shiga filayensu nan take su riƙe da makami a hannu, wanda kuma yake ganin an zalunce shi, shi ne zai je kotu. Shekara ɗaruruwa ƙauye ne mai kai ƙara, gandu na zaune a kan fili. Shirin ya juya wannan zama.

Kafin ya fita yaƙi, Zapata ya ɓoye takardun ƙauyen cikin akwati a coci. Wata rana wakilan 'yan tawaye daga jihar Michoacán suka zo sansaninsa don su auna gaskiyarsa, suka tambaye shi me yake yaƙi a kai. Ya sa aka kawo takardun, ya nuna musu, ya ce a kan wannan nake yaƙi. Daga baya ya ɗora wa Franco amanarsu, ya zama aikinsa ke nan, tsaron wani ɗan akwatin kwano.

A 1915, lokacin da sauran rundunoni suka shagala da yaƙar juna a arewa, Morelos ta sami sararin raba filaye. Aka kawo matasa masu awon ƙasa daga makarantar koyon aikin gona ta ƙasa. Wajen shata iyaka tsakanin Anenecuilco da Yautepec, Zapata ya sa tsofaffin garuruwan biyu suka yi gaba, ana binsu suna nuna dutse, suna nuna bishiya, suna nuna kwazazzabo. Ya ja ɗaya daga cikin matasan gefe ya ce masa, ku injiniyoyi kuna son miƙaƙƙen layi, amma iyakar nan tsohuwar katangar duwatsu ce, ita za ku bi, ko da za ku yi wata shida kuna auna lanƙwashe-lanƙwashenta. A riƙe wannan katanga a zuciya, domin za mu sake cin karo da ita a wurin da ba a zata ba.

Sararin bai daɗe ba. Tun 1912 Janar Juvencio Robles yake ƙona ƙauyuka yana kwashe mutanensu, a 1916 kuma González ya shigo da irin wannan aiki a madadin gwamnatin Venustiano Carranza. Ƙidayar 1910 ta sami mutum kusan 180,000 a Morelos, ta 1921 ta sami kimanin 103,000. Yaƙi, gudun hijira da annobar mura ta 1918 suka cinye sauran. Cikin gida ma ya rube: a 1917 'yan tawayen da kansu suka harbe Montaño bisa zargin cin amana, wata guda bayan haka wani kwamandansu ya kashe Eufemio, yayan Zapata. A wannan hali na ƙarancin mutane da harsashi ne Kanar Jesús Guajardo ya nuna kamar zai sauya sheƙa da rundunarsa. Don a yarda da shi, ya sa aka harbe mutum fiye da 50 daga cikin tsoffin mayaƙan Zapata da suka koma ɓangaren gwamnati. Ya kuma ba Zapata kyautar jan doki. A kan dokin nan Zapata ya shiga ƙofar gandun Chinameca da 'yan rakiya goma, wajen ƙarfe biyu na rana. Sojoji sun jeru kamar za su yi masa faretin girmamawa. Begila ta busa sau uku, suka buɗe wuta. Aka ƙara wa Guajardo girma zuwa janar, aka ba shi peso 50,000.

Ba shi ba ne

Zapata ya mutu a Chinameca. Ba ni da shakka a kan haka, kuma masana tarihi ba su da ita. Amma ga abin da mutanen Morelos suka riƙa faɗi, wanda masu bincike suka ci gaba da naɗa daga bakin tsoffin mayaƙa har cikin shekarun 1970. Wani ya ce Zapata yana da tawadar Allah a fuska, gawar ba ta da ita. Wani ya ce a ƙirjinsa akwai tabon haihuwa mai siffar ɗan hannu, an buɗe rigar ba a gani ba. Wani ya ce igiyar kamun shanu ta taɓa cire masa yatsa, amma gawar yatsunta goma cif. Suka ce wani amininsa mai kama da shi ne ya sa tufafinsa ya shiga Chinameca a madadinsa. Suka ce duk wanda ya tsaya gaban gawar ya ce ba shi ba ne sojoji suna dukansa, shi ya sa kowa ya ce shi ne, ya haɗiye abin da ya gani. Shi kuwa Zapata, wai wani amininsa Balarabe ya tafi da shi ƙasar Larabawa. An ce an ga dokin yana sukuwa a kan duwatsu babu mahayi, kuma ya rikiɗe ya zama fari.

Mai gaggawa zai ce jahilci ne da zafin rashi. Akwai zafin rashi, babu musu. Akwai kuma dalili na hankali: masu cewa ga gawarsa su ne waɗanda suka kashe shi ta hanyar ƙarya, jaridun da suka buga hoton kuma su ne suka shekara takwas suna kiransa Attila na Kudu, wato suna kwatanta shi da wani tsohon sarkin yaƙi da ya yi suna wajen ɓarna. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin hujjar da manoman suka kawo. Tawada, tabo, yatsa. Alamomi ne, kuma da alamomi ake gane iyakar gona a tsoffin takardunsu: daga dutsen kaza zuwa bishiyar kaza, a bi katanga har kwazazzabo. Sun karanta jikin mutumin nan kamar yadda suka saba karanta ƙasa. Shekaru aru-aru suna zuwa gaban alƙali suna cewa ga alamar iyakarmu, ana ce musu takardar gandu ta fi ƙarfi. Yau gwamnati ce ta zo gabansu da takarda da hoto tana neman su shaida, sai suka tambaye ta alama. Katangar duwatsun nan ce ta dawo, wadda Zapata ya ce a bi ta komai lanƙwasarta. Wannan ne karo guda da hukunci ya faɗo hannunsu, suka kuma yanke shi da ma'aunin da aka daɗe ana raina musu.

Akwai wani abu kuma. Shimfiɗa gawar a bainar jama'a sanarwa ce cewa an rufe shari'a: mai ƙara ya mutu, kowa ya watse. Cewa ba shi ba ne na nufin mai ƙara yana nan, sai dai ya yi tafiya. Ƙasar Larabawa ma ba da ka aka zaɓe ta ba. A shekarun nan 'yan kasuwa daga Lebanon da Siriya suna yawo garuruwan Meksiko da kayan koli, ana ce musu Larabawa. Wuri ne da manomin Morelos ya san fuskar mutanensa, ya kuma san hannun Carranza ba ya kaiwa can. Duk abin da ke cikin wannan al'ajabi an ɗebo shi ne daga kasuwa da gona da zauren kotu.

Marubucin Kyuba Alejo Carpentier ya ci karo da irin wannan a Haiti, inda ya ziyarta a 1943. A can an ƙona jagoran bayi François Mackandal a 1758 a gaban taron bayi don ya zama izina, su kuma suka watse da imanin ya rikiɗe ya tsere daga wutar. A 1949 Carpentier ya rubuta cewa abin al'ajabi sai da imani yake tabbata. Na yarda, amma lamarin Anenecuilco ya sa na ƙara wani sharaɗi: sai da bashi. Dole a sami abin da aka ƙwace ba a mayar ba. Da wannan nake auna duk littafin wannan salo da ya shigo hannuna. In fatalwa ta bayyana, ina tambaya wa ke ganinta, me ya rasa, kuma wa zai yi asara in aka gaskata shi. In aka cire fatalwar rigimar filin ba ta canja ba, to ado ce. Farin dokin Morelos ba a iya cire shi, domin da zarar an cire shi gwamnati ta ci shari'a. Kuma a lura, waɗanda suka ba da labarin ba su ba da shi da murya mai rawa ba. Yadda za su ce an yi ruwa jiya, haka suke cewa ya tafi ƙasar Larabawa. Wannan sanyin murya da ake yaba wa manyan marubutan salon, daga bakin irin waɗannan mutane aka koyo shi.

Sai dai dole marubuci ya yi hattara, domin masu mulki ma sun iya raya matattu. An kashe Carranza a watan Mayu 1920, waɗanda suka gaje shi kuma suka rungumi sunan Zapata. A 1931 aka rubuta sunansa da ruwan zinariya a bangon majalisar wakilai, tare da na Carranza. Kowace 10 ga Afrilu jami'ai suna zuwa Cuautla da furanni da jawabai. Hakan bai hana sojoji su ɗauke Rubén Jaramillo, tsohon mayaƙin Zapata da ya ci gaba da fafutukar fili, su kashe shi da matarsa mai ciki da 'ya'ya uku kusa da kufan Xochicalco a watan Mayu 1962 ba. A 1992 aka gyara sashe na 27 na kundin tsarin mulkin 1917, aka kawo ƙarshen rabon filaye, aka buɗe ƙofar sayar da filin tarayya. Ranar 1 ga Janairu 1994 'yan asalin jihar Chiapas suka ɗauki makami da sunan Zapata, har suka haɗa shi da Votán, wani abin girmamawa na mutanen Tzeltal. Ke nan Zapata biyu ne suka ƙi mutuwa, na mutum-mutumin tagulla da na kan farin doki. Labarin da bai bambance su ba zai wayi gari yana yi wa waɗanda suka rufe shari'ar aiki.

Mai riƙon akwati

Da ni zan rubuta wannan labari, ba zan sa Zapata a tsakiya ba. Hasken da ke kansa ya yi yawa, yana kashe ido. A gidan Francisco Franco zan zauna, domin a can ne ake ganin abin da juyin juya hali ya zama bayan an daina harbi.

A farkon shekarun 1920 gwamnati ta ba Anenecuilco fili. Amma dokar filaye tana da ƙofa biyu. Akwai mayarwa, wato hukuma ta amince filin naku ne tun asali, ƙwacewa aka yi. Akwai kuma kyauta, wato hukuma ta ga kuna da buƙata ta yanka muku daga abin da ke hannunta. Mayarwa tana buƙatar hujjojin da jami'ai za su gamsu da su, don haka yawancin ƙauyuka ta ƙofar kyauta aka shigar da su, har da Anenecuilco. Ƙauyen da ya haifi Shirin Ayala, mai takardu tun zamanin sarakunan Sifaniya, aka ba shi ƙasar kakanninsa a matsayin alheri. Ga mai kallo daga nesa duk ɗaya ne, tunda masara za ta fito ko ta wace ƙofa aka shiga. Ga Franco ba ɗaya ba ne, domin abin da aka ba ka kyauta ana iya rage shi gobe, kuma karɓarsa na nufin akwatin da ka ɓoye cikin wuta da yunwa bai tabbatar da komai ba. Ya ci gaba da rubuta koke. A shekarun 1930 wasu janar-janar, cikinsu har da waɗanda suka yi yaƙi tare da Zapata, suka sa ido a kan filayen ƙauyen masu dausayi, Franco ya zama abin farauta, ya shiga ɓuya da takardunsa. Sai da Shugaba Lázaro Cárdenas ya zo ƙauyen da kansa a 1935 aka ɗan sami sauƙi.

Mafi ɗacin abin daga cikin gida ya fito. Nicolás, babban ɗan Zapata, wanda ya tashi a sansanonin yaƙi, ya girma ya shiga siyasa, ya zama shugaban ƙaramar hukumar Cuautla, daga baya ɗan majalisa. Da wannan ƙarfi da kuma sunan mahaifinsa ya tara fili a cikin filin tarayyar Anenecuilco fiye da rabon kowa nesa ba kusa ba, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda Franco yake ja da su. A nan nake ganin dalilin da ya sa wannan salo ba ya rabuwa da zuri'a. Shari'ar fili ta fi ran mutum ɗaya tsawo, sai an bi ta daga kaka zuwa jika kafin a ga siffarta. Kuma a cikin gida ɗaya ne ake ganin gado ya rabu biyu, ɗa ya ɗauki suna, ɗan'uwa ya ɗauki amana. Ina tunanin daren da tsohon zai buɗe akwatin a gaban fitila, a waje kuma wani yana rantsuwa ya ga farin doki ya gifta ta kan dutse. Wa dokin yake nema a wannan dare, mai gandun da ya daɗe da gudu, ko ɗan mahayinsa? Marubucin da ya iya riƙe wannan tambaya bai sake ta ba ya sami littafinsa.

Franco bai yarda kowa ya ga takardun ba, sai da wani malami mai bincike, Jesús Sotelo Inclán, ya yi ta zarya ƙauyen har ya sami amincewarsa. Daga abin da ya gani a akwatin kwanon ya wallafa tarihin ƙauyen a 1943, kuma ta nan ne duniya ta san labarin taron bayan coci da kwana takwas na karatu. Shekara huɗu bayan haka, cikin wani dare na Disamba 1947, 'yan sanda suka dira gidan Franco. Mutanen gidan suka kare kansu, sai aka turo sojoji. Aka kashe 'ya'yansa maza biyu, shi kuma aka tafi da shi da rauni a jikinsa, aka ƙarasa shi a wani kwazazzabo. Shekararsa 38 ke nan da zama magatakardan ƙauye. Da aka kawo gawarsa, kowa ya shaida shi ne.